Goma Sha Ɗaya a Gwangwanin Biskit

Kwana arba'in da rasuwar Baba Na-Tasha
muka jawo adakar ƙarƙashin gado.
Ba takardar gona, ba zinariya,
sai gwangwanin biskit mai hoton jirgin ruwa da ya koɗe,
a ciki wuƙaƙe goma sha ɗaya,
kowacce a naɗe cikin ƙyallen tsohon rawani,
suna ƙanshin man keken ɗinki.

Masu maballi ne. Ka danna,
kaifi ya faso fit kamar kunama ta ɗaga ƙari,
ka lallaɓa ta da tafin hannu, ta koma ta kwanta.

Shekara talatin yana awon buhu a tashar Ƙaura Namoda,
inda dogo ya gaji ya tsaya.
Abin da ya faɗo daga aljihun duniya, nan yake ƙarewa:
direban jirgi da ya ci bashi ya bar jingina,
Kwaran gyaɗa da zai koma ƙasarsu,
wani soja da ya dawo daga yaƙi
ba ya son ya ƙara kwana kusa da ƙarfe.
Ran Juma'a bayan la'asar Baba yakan baje su a buzu,
ɗigon mai ɗaya, sai ya kara kunne:
"Saurara. Wagga muryatta ta fara tsufa."

Yaya Ɗanladi ya ce a sayar a raba.
Ya ce a zamanin nan, a hanyar Gusau,
je ka gaya wa mai bindiga a shingen bincike
wai tarihi ka ɗauko a aljihu.
Na rasa abin ce masa.

Dillalin ya zo da hantsi, Alhaji Maiwada,
gilashin masu gyaran agogo maƙale a idonsa.
Bai dubi kaifi ba, gindi ya duba,
inda rubutun Nasara ya kwanta siriri kamar sawun kiyashi.
Mai ƙotar ƙaho, dubu ɗari da tamanin.
Mai farin mariƙi kuwa, ya yi shiru,
ya ɗauki hoto, ya fita zaure da waya,
ya dawo yana tari irin na mai ɓoye murna.
Tsatsa ma kuɗi ce, in ji shi, kada mu goge,
wanda ya wanke tsufa ya wanke riba.

Sai ya zo kan ta ƙarshe.
Ya danna, ta yi nawa, ta fito tana ɗingishi.
Ya yi dariya: "Ai wannan an ɓata ta.
Ruwan ba nata ba ne,
aikin maƙeri ne da sifirin mota.
Ko dubu biyu na ba ku, na yi sadaka."

Na sani. Ni na ɓata ta.
Ina ɗan shekara tara na sace ta,
na je ɓamɓare murfin gwangwanin madara,
ruwan ya karye gida biyu.
Na kwana ina jiran bulala.
Da safe Baba ya ja hannuna har maƙerar Ɗan'ila,
ya zaunar da ni gaban zuga-zugi, ni mai ɓarnar,
har gumi ya cika mini ido,
har sabon ruwa ya fito ja wur daga gawayi.
A hanyar dawowa bai ce uffan ba.
Rake ya saya mini a bakin kasuwa,
ya tsuguna ya fere da ita.
Cikin goma sha ɗayan nan
ita kaɗai ta taɓa yin aiki.

Goma sun tafi a jakar Alhaji,
wasu sun ce Legas, wasu sun ce ƙetaren teku.
Kuɗin ya sa wa ɗakin Inna sabon kwano,
damina ta zo, ba mu tara kwarya a tsakar ɗaki ba.

Gurguwar tana wurina, ba ta ƙetare ƙofar gida.
Ran Juma'a nakan ɗiga mata mai,
in danna, in jira,
don sai ta yi shawara kafin ta buɗe,
'yata Hajjo tana gefe riƙe da gaɓar rake
tana cewa, "Baba, wai ta lalace ne?"